Bayan Lisansi, Wace Makaranta? Jawabi Ga Iyayen Ɗalibai Na Maraɗi



Tun da aka kafa jami'ar Maraɗi a 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, yaro yana iya yin shekara 3 a gida ya karɓi lisansi a lissafi ko kimiyya. Gardama tana tashi ne a kan shekara 2 na masta: uba yana son Faransa saboda suna, kawu ya ce Zariya ta fi kusa. Kowa yana farawa da sunan ƙasa, alhali tambayar farko ita ce: wace matsala yaron zai dawo ya warware?

Matsalolin ba su da nisa. A Jiratawa, filin noman rani na ONAHA mai hekta fiye da 500 ya dogara ga injuna masu jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa da wutar lantarki, kuma kuɗin wutar a wuyan manoma yake. A Tibiri, wajen ƙarshen shekarun 1990, an gano cewa ruwan famfo yana da sinadarin fulor fiye da miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Ɗaruruwan yara suka sami lalacewar haƙora da ƙashi. Awon ruwa a kan lokaci da ya kauce wa wannan masifa.

Irin wannan aiki mutum biyu yake bukata. Injiniya shi ke haƙa rijiya, ya zaɓi inji, ya shimfiɗa bututu. Masanin lissafin aiki kuwa shi ke ƙididdige yawan ruwan da za a iya jawowa shekara goma ba tare da rijiyoyi sun ƙafe ba. Mai son ƙarfe da siminti ya bi hanyar farko. Wanda hankalinsa yake ga alƙaluma da kwamfuta ya bi ta biyu, domin banki da inshora da ma'aikatar ƙididdiga su ma suna nemansa.

Ga mai son aikin injiniya, akwai EMIG a Yamai, mai horo a kan ma'adinai, gine-gine, lantarki da injuna. Cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a Yamai a 1974, ta ƙware a kan ruwa da yanayi. Makarantar 2iE ta Wagadugu, wadda ta samo asali daga EIER ta 1968, ta yi suna a fannin ruwa da makamashi, sai dai kuɗinta yana da nauyi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da aka buɗe a 1962, tana da sashen albarkatun ruwa. Amma digirin injiniya a Nijeriya shekara 5 ne, don haka mai lisansin shekara 3 ya tambayi matsayin takardarsa kafin ya biya ko dala.

Ga mai lissafi, ban da Jami'ar Abdu Mumuni, akwai cibiyoyin AIMS, waɗanda aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, aka buɗe reshen Senegal a 2011 da na Gana a 2012. Wanda aka ɗauka ana biya masa karatu da ci da kwana, amma gasar tana da zafi, kuma sai da Ingilishi.

Kafin uba ya kwance bakin aljihu, sai ya binciki abu uku. Na farko, ko hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da takardar, domin matsayin ma'aikaci da albashinsa a kanta suke. Na biyu, wane malami zai duba binciken yaron, da wane ɗakin gwaji, kuma a ina tsofaffin ɗalibai suke aiki. Na uku, jimillar kuɗin shekara biyu har da haya da mota, domin karatun da ya tsaya a tsakiya asara ce ninki biyu.

Ɗan kasuwar Maraɗi ba ya sayen buhu sai ya soka ya ga ƙwaya. Makarantar ɗansa ta fi buhun gero cancantar wannan bincike.