Ciwon Kan Da Ya Fi Ƙarfin Kemis

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, mai sayar da atamfa a kasuwar Wuse, ya yi a taron ƙarshen wata.)

  

Kowa a nan ya san ni ba likita ba ne. Na roƙi shugaba 'yan mintoci ne saboda jinyar da muka yi a gidana, wadda da yawanku kun zo dubiya. Allah ya saka da alheri. To, yau ina so in faɗa muku sunan ciwon, don kada wani ya bi doguwar hanyar da muka bi.

Yarinyar nan da nake riƙo, 'yar ƙanena marigayi, tana da shekara 22 abin ya fara. Da farko ciwon gaɓoɓi ne, yatsu da gwiwa, sai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Gashinta ya riƙa zuba. In ta shiga rana, sai wani ja ya fito mata a kumatu biyu ya haɗe ta kan karan hanci. Muka je kemis, aka ce maleriya. Muka koma, aka ce taifot. Sau nawa aka yi mata allura, ni kaina na daina ƙirga. Daga nan ciwon kai ya shigo, wanda ba ya jin farasitamol. Ran nan da tsakar dare sai ta faɗi tana jijjiga, da ta farfaɗo tana surutai, ba ta ma gane matar da ta raine ta ba.

To jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. In budurwa ta faɗi ta tashi tana sambatu, me muke cewa? Iska. Ni ma haka na ce. Mako uku muna ruƙiyya da turare. Ban raina addu'a ba, har gobe muna yi, Alƙur'ani waraka ne. Laifina shi ne na tsaya a nan, alhali addinin nan ya hore mu da neman magani. Sai da ƙafafunta suka kumbura, fitsarinta yana kumfa, sannan muka tafi babban asibiti. Wata likita ta auna fitsarin, ta tambayi maganar gashi da rana da gyambon baki, ta ce a gwada jini. Sakamako ya fito: lufus. A takarda suna rubuta shi SLE.

Yadda aka yi mini bayani, Allah ya sa wa jikin mutum garkuwa mai yaƙi da ƙwayoyin cuta. Kamar maigadi ne da ka ɗauka ya tsare maka shago. A lufus, maigadin ne ke ruɗewa ya juya yana dukan mai shagon: fata, gaɓoɓi, ƙoda, jini, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta aure, kuma ba sammu ba ne. Cikin mutum 10 masu shi, wajen 9 mata ne, yawanci daga shekara 15 zuwa 45, kuma ya fi tsanani ga baƙar fata. Da can ana cewa da wuya a same shi a Afirka. A 2009 Farfesa Olufemi Adelowo na Legas da abokin aikinsa suka buga bayanin 'yan Nijeriya masu wannan cuta. Ashe yana nan, gane shi ne ba a yi.

Yanzu ga inda nake so a saurara da kyau, wato maganar kai. A 1999 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta lissafa nau'i 19 na yadda lufus ke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A ciki akwai ciwon kai, farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki, mantuwa, baƙin ciki mai tsanani, da gushewar hankali irin na yarinyarmu. Amma likitar ta faɗa mini abin da ya kwantar mini da hankali: mafi yawan ciwon kan mai lufus irin na kowa ne, na gajiya ko na ɓari ɗaya. Ba kowane sarawar kai ba ce ke nufin cutar ta hau ƙwaƙwalwa. Aikin likita shi ne ya tace, kamar yadda muke tace kuɗin jabu daga na gaske.

Abu na farko da suke tsoro shi ne sanƙarau ko wata ƙwayar cuta, domin magungunan lufus suna rage ƙarfin garkuwa. Sai hawan jini, wanda kan biyo bayan taɓuwar ƙoda. Sai daskarewar jini a jijiyoyin kai. Wannan na ƙarshen wani likita a Landan, Graham Hughes, ya yi bayaninsa a 1983, kuma shi ne kan sa wasu mata yawan ɓari. Iyaye mata, in kun san wadda ta yi ɓari sau biyu, sau uku, ga ciwon kai ga ciwon gaɓoɓi, a daina cewa kishiya ce, a kai ta a gwada jininta. Har maganin kansa yana iya zama sanadi. Firednisolon mai yawa kan hana barci ya kawo surutai. Ibufurofen da muke saya kamar gyaɗa yana cutar da ƙoda, kuma ga wasu masu lufus yana kawo ciwon kai da sanƙarewar wuya kamar sanƙarau.

Shi ya sa gwaji ke da yawa, ba don a ci kuɗinka ba, ko da yake kuɗin yana tafiya, ba na ɓoye muku. An yi mata hoton ƙwaƙwalwa na MRI, an sa mata wayoyi a kai don auna farfaɗiyar. Da aka ce za a ɗebi ruwan ƙashin baya, na ƙi sa hannu kwana guda, saboda mun taso muna jin cewa yana gurgunta mutum. Aka zaunar da ni aka ce da shi ne za a san ko sanƙarau ne, domin in shi ne aka danne garkuwa da magani mai ƙarfi, an ƙara wa wuta fetur. Na sa hannu. Ga ta nan tana tafiya da ƙafarta.

Saboda haka, in mai lufus ta ce kanta ya sara farat ɗaya irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko gani ya dushe, baki ya karkace, hannu ya mutu, ta faɗi ko ta rikice, ba a jiran gari ya waye. A nufi Babban Asibitin Ƙasa, ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, ko kowane babban asibiti mafi kusa, a yi tofin a cikin mota. In kuwa ciwon kan da ta saba ne, ta sha farasitamol, ta rubuta ranar a ɗan littafi, ta nuna wa likita ranar ganinsa. Amma shan maganin ciwon kai kusan kullum shi ma yana haifar da nasa ciwon kan.

Lufus ba ya warkewa gaba ɗaya, amma yana kwanciya. Babban maganinta na kullum ɗan'uwan kulorokwin ne da muka sani na zazzaɓi, haidiroksikulorokwin, kuma mai shansa ana duba masa ido lokaci-lokaci. Da abin ya yi tsanani an ƙara mata na ƙarin ruwa mai danne garkuwa. Wahalar da muka fi sha ita ce firednisolon, don yana kumbura fuska. Budurwa ta duba madubi, sai ta ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin katifa. Wallahi haɗari ne a yanke shi lokaci ɗaya, likita ne ke rage shi kaɗan-kaɗan. Ta kuma guji zafin rana, hijabi da lema sun taimaka. Maganar azumi kuwa, mun tambayi likita mun tambayi Malam, shekarar da jikin ya motsa ta sha, ta rama daga baya.

Wani ya tambaye ni a asirce ko irinsu suna aure. Suna yi, suna haihuwa. Sai dai a shirya cikin da sanin likita, bayan ciwon ya kwanta aƙalla wata 6, don wasu magungunan suna cutar da ɗan tayi.

Roƙona ga shugabanni guda biyu ne. A ware wani abu daga asusun ƙungiya don gwajin jini na masu ƙaramin ƙarfi, domin a nan ne mutane ke juyawa gida. Sannan masu mota a cikinmu, daga Nyanya zuwa Dei-Dei, a rubuta waɗanda za a iya tasa da dare. Ni na fara ba da sunana ga sakatare.