Hoton da Ba Ya Hawa



Ba sai na tuna muku ranar 25 ga Fabrairun 2023 ba, lokacin da hotunan takardar sakamako (EC8A) ta zaɓen shugaban ƙasa suka ƙi hawa shafin duba sakamako na IReV daga na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS. Hukumar zaɓe ta INEC ta ce matsalar a sabarta take. To, an ji. Damuwata ita ce ko sabar na lafiya lau, yadda yawancinmu masu rubuta manhaja ke tsara ɗora hoto ba zai kai mutumin ƙauyukan Rano da Kibiya ko'ina ba, domin a ofis muke gwaji, inda sabis ya cika.

Mu yi lissafi. Hoton waya mai megafiksel 12 yakan kai megabait 4, wato kilobit 32,000. Inda sabis ya sauka zuwa 2G, a ce kana samun kilobit 100 a daƙiƙa, hoto ɗaya zai ci daƙiƙa 320, minti biyar da ɗoriya. Sabis ya yanke a minti na huɗu, manhajarka ta ce a koma farko, datar bawan Allah ta tafi a banza. Amma in wayar ce ta rage hoton kafin ya tashi, tsawonsa ya dawo fiksel 1600, nauyinsa kamar kilobait 400, daƙiƙa 32 sun isa, rubutun hannu kuma yana karantuwa tsaf. Shafi mai hotuna 30 fa? In cikakkun hotuna ka jera, megabait 120 ne. In ƙanana ne masu kilobait 20, kilobait 600 kacal. Ɗalibi mai cike fom a shagon kwamfuta a Rano, da kuɗin aljihunsa yake biyan wannan bambanci.

Wasu abokan aiki na cewa a bari 4G ta game ƙasa. Shekara nawa ke nan ana jira? Wasu kuma sun ce a matse komai don tanadin rumbun ajiya, su ne ke fito mana da takardun da ba a bambance 3 da 8. Takardar shaida ba a matse ta har ta dushe.

Ga shawarata. A riƙa tura hoto gunduwa-gunduwa, yadda zai ɗora daga inda ya tsaya. A adana hoton yadda ya iso sabar, a yanko ƙaramin hoton sa'ad da aka fara nemansa, sannan a ajiye shi don mai zuwa. Girma uku ko huɗu kawai za a yarda da su, in ba haka ba ɓata-gari zai nemi girma dubu ya durƙusar da sabar. A goge bayanin wurin da waya ke liƙa wa hoto, kada a tona gidan mutane. Masu amfani da manhajar sarrafa hoto ta ImageMagick su tuna ɓarakar tsaron da aka gano a cikinta a 2016, su tantance kowane fayil kafin sarrafa shi. Kuma kafin ma'aikata ta karɓi manhaja daga ɗan kwangila, a kai ta ƙauyukan Kibiya a gwada ta da ƙaramar waya.