Shekarar da ke Jikin Liyari

'Yan'uwa ɗalibai, mu masu sha'awar tara tsoffin kuɗi, kada shekarar da ke jikin kuɗi ta ruɗe mu. Ga liyari, azurfar Sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya, wanda matan Fulani ke ratayawa. In ɗan koli ya miƙo mana shi a Mazanya ko kasuwar Jibiya, 1780 za mu gani. Shekarar rasuwarta ke nan, amma da ita aka ci gaba da buga shi, har a Landan da Bombai. Sai mu ɗora shi bisa sikeli: na ƙwarai giram 28 ne.

Kuɗin Sin mai hudar kusurwa huɗu kuwa, zamanin sarki aka rubuta masa, kamar Ciyanlung, 1736 zuwa 1795. Narka tagulla aka yi aka zuba. In ya yi sumul kamar bugun inji, mu bar wa mai shi kayansa.