Taimakon da Ya Riga Faɗuwa: Jawabin Sakataren Gidauniya a Taron Shekara

 



Lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita yana cikin shafukan da ke biye, ma'aji kuma zai yi bayaninsa. Namu shi ne mu faɗi abin da muka gani a teburin karɓar koke, wanda alƙalami bai iya sa shi cikin jadawali ba.

Da yawa daga masu sallama a ƙofarmu ba a cikin fatara aka haife su ba. Masu rufin asiri ne da dare ɗaya ya tona. Ga misalin wani manomi daga ƙetaren kogi. Naƙudar maiɗakinsa ta yi tsanani, likita ya ce sai tiyata. Ranar Juma'a ya kora sa guda daga shanun huɗarsa zuwa kara, ya sallama a farashin da mai saye ya ga dama, domin ba a ciniki da mai gaggawa. Allah Ya raba lafiya. Amma sa guda ba ya jan garma. Da damina ta kama ya jinginar da gona, da kaka kuwa ya zo neman zakka, shi da a bara ya kawo mana zakkar gero da hannunsa. Mun ba shi abin da ya sauwaƙa, sai dai taimakonmu ya iso bayan an riga an yi asara.

Wannan ba labarin gida ɗaya ba ne. A Nijeriya, fiye da naira 70 cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marar lafiya da danginsa take fitowa. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin magani da kuɗin motar kai marar lafiya Kano suka yi tashin gwauron zabo. Shawarar da aka yanke a Abuja takan ƙare ne a gaban kantin magani a Wudil, inda uwa ke roƙon a ɓare mata rabin ƙwayoyin da aka rubuta wa ɗanta.

Mun san kalmar inshora tana da nauyi a kunnen mutanenmu, kuma da dalili. Malamai sun soki inshorar kasuwanci saboda garari da riba da ke cikinta, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta tabbatar da haka a 1985. Amma a zama guda majalisar ta halatta tsarin da aka gina kan kyauta da taimakon juna, wato takaful. Asalinsa kuwa ba baƙo ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'ariyyawa saboda idan guzuri ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu wuri guda su raba daidai. Shari'a ta ɗora diyyar kisan kuskure a kan dangi don kada ta karya mutum ɗaya. Mu ma da gayya da adashi da gudunmawar biki muka tashi. Wanda ke tsoron tanadi zai ci karo da tawakkali, ya tuna an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, sannan ya dogara ga Allah. A kan wannan tushe aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan a 1979, hukumar inshora ta Nijeriya kuma ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013.

Hukuma ma ta buɗe ƙofa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusu na musamman don masu rauni. Jihar Kano tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya. Sai dai ƙofar da mutum bai san da ita ba, daidai take da bango.

Saboda haka muke gabatar wa wannan taro da shawarwari uku.

Na farko, a ware wani kaso daga amfanin waƙafi don biya wa marayu da zawarawa da tsofaffin da ke cikin rajistarmu kuɗin shiga tsarin lafiya na shekara. Mun ce waƙafi, ba mu ce zakka ba, da gangan. Zakka haƙƙi ce ta mutane takwas da Suratut Tauba ta ƙayyade, kuma malamai suna da magana mai tsawo a kan sharaɗin mallaka wa mai karɓa. Mun miƙa tambayar ga malamanmu. Kafin su amsa, ko kwabo na zakka ba za mu kai can ba.

Na biyu, a sa wakilanmu su shiga unguwanni da ƙauyuka su taimaki waɗanda suka cancanta su yi rajista, sannan su bi sawu. Kati ba magani ba ne. Duk wanda muka biya wa, wajibinmu ne mu tabbatar an duba shi idan ya je.

Na uku, mu zauna da ƙungiyoyin 'yan kara da masunta da manoman fadama, waɗanda ambaliya da ciwon dabbobi suke yi wa ɓarna, a taimake su kafa asusun taimakon juna. Sharaɗi uku ne: abin da aka zuba kyauta ne, ajiyarsa daban da ta gidauniya, littafinsa kuma a buɗe ga kowane mai zubi. Amana ita ce jarin irin wannan asusu. Ranar da ta zube, ba mai sake zubi.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai waƙafi ya ƙaru. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibara, ya yi sadaka da amfaninta. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 ya yi ɗaruruwan shekaru yana jinyar mutane kyauta da kuɗin waƙafi. Ba mu roƙon abin da ya fi ƙarfi. Mai shago guda a bakin hanyar Maiduguri, mai fili a fadama, mai ɗakin haya kusa da jami'a, kowa yana da abin da zai tsayar saboda Allah. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Burinmu shi ne manomin nan ya dawo mana da buhun zakkarsa a kai, kamar yadda ya saba, kuma maƙwabcinsa kada ya kai sansa kara saboda jinya. Allah Ya karɓa daga masu bayarwa, Ya rufa asirin masu karɓa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu ikon riƙe amana.