Dokar Agadez: an rufe hanya, an sake buɗewa

Yau Agadez za mu je, garin da mafi yawan masu harin Libiya ta ƙasa daga yankinmu ke bi ta cikinsa.

A shekarar 2015 Nijar ta yi doka mai lamba 2015-36, wadda ta haramta safarar baƙin haure. Direban da aka kama zai iya shan ɗaurin shekara 5 zuwa 10, a kuma ƙwace motarsa. Ba a fara aiki da ita gadan-gadan ba sai 2016, bayan taron Valletta, inda Tarayyar Turai ta ware kuɗi domin a tare mutane tun kafin su kai bakin teku.

To ga inda abin yake ɗaure kai. A lokacin, ɗan Najeriya ko ɗan Gambiya yana da 'yancin shiga Nijar ba tare da biza ba, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979. Amma da zarar an gan shi a bayan Hilux arewa da Agadez, direbansa ya zama mai laifi.

Kafin dokar, motoci a ayari suke fita ranar Litinin, da rakiyar sojoji, su bi ta Dirku. Hanya ce sananniya, akwai rijiyoyi, akwai masu wucewa. Bayan dokar kuwa, mutane ba su daina tafiya ba. Direbobi ne suka koma fita cikin dare, suna kauce wa rijiyoyi domin a nan jami'an tsaro ke dako. Kuɗin mota ya tashi. Idan mota ta lalace a tsakiyar Tenere, shi ke nan, ba mai ganinku. Wani direban ma da ya hango ƙurar 'yan sintiri sai ya sauke fasinjoji ya yi gaba. Ni dai a ganina, dokar ta fi rage waɗanda ake iya ƙirgawa fiye da waɗanda ke tafiya.

A Nuwamban 2023 gwamnatin Janar Tiani ta soke dokar, aka share hukuncin waɗanda aka ɗaure a kanta. Nan ne nake so matasa su saurare ni da kyau, domin na ji wasu suna cewa ai hanya ta buɗe. Ta buɗe zuwa ina?

Aljeriya ba ta daina kwaso mutane tana jibgewa a kan iyaka ba, su tako kimanin kilomita 15 cikin rairayi kafin su iso Assamaka. A Libiya kuma, tun yarjejeniyarta da Italiya a 2017, masu gadin teku na tare jiragen roba su mayar da mutane gidajen tsare baƙi. Wasu kuma tun a Sabha ake kulle su, a miƙa musu waya su kira gida a turo kuɗin fansa. Sau da yawa gonar gado ko ɗan kunnen uwa ake sayarwa a biya.