Ƙudan Zuma: Gidansa, Abincinsa da Haƙƙinsa a Kanmu

 

'Yan'uwa Musulmi, Allah Ya sanya wa sura ta 16 cikin Alƙur'ani sunan ƙudan zuma, watau Suratun Nahl. A ayoyi na 68 da 69 an ambaci masaukinsa a duwatsu da itatuwa da abin da mutane ke ginawa, an ambaci abincinsa, sa'an nan an ambaci waraka da ke cikin zuma.

Mu dubi gidan. Ma'aikatan, waɗanda dukkansu mata ne, suna fitar da kaki daga jikinsu, su gina saƙa mai ɗakuna masu kusurwa shida, wasu na renon 'ya'ya, wasu rumbun ajiya. Mu dubi abincin. Suna tsotso ruwan fure, su zuba shi a ɗakunan, su yi ta fifita da fikafikansu har danshinsa ya sauko zuwa kimanin kashi 18 cikin 100, sa'an nan su liƙe da kaki. Wadda ta gano furanni takan komo ta yi wata irin rawa da ke nuna wa saura alƙibla da nisa. A kan wannan bincike Karl von Frisch ya sami kyautar Nobel a 1973.

To, da me muke saka wa wannan halitta? Da yawa daga cikin masu ɗiban zuma a ƙauyukanmu sukan hau bishiya da dare, su cusa wa amya wuta, su ƙone ƙudan da 'ya'yansa saboda ƙwarya guda. Alhali Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa Annabi (SAW) ya hana kashe halittu huɗu, ƙudan zuma na cikinsu. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito yadda Allah Ya zargi wani Annabi da ya ƙone gidan tururuwa don ɗaya ta cije shi. Hayaƙi kaɗan ya isa ya kwantar da ƙudan, a ɗebi zuma, a bar musu rabonsu.

Haka nan wasu 'yan kasuwa kan dafa sukari su gauraya da zuma, su sayar wa majinyaci. Wannan algus ne, kuma haramun ne.

Saboda haka muna kira ga malaman rassanmu su kai wannan bayani ga masu amya da masu sayar da zuma. Karanta aya ba ya wadatarwa sai an yi aiki da ita. Allah Ya sa mu dace.