Ƙaton Mahayi a Kan Ƙaramin Babur

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wasan da nake sha'awa idan na tashi daga ofis, watau hawan babur a filin tsere wanda aka gina musamman domin haka. Na zaɓi tambaya guda wadda ake yawan yi: shin mutum mai jiki, wanda ya kai kilo 100, zai iya hawan ƙaramin babur na tsere, ko kuwa tilas ne ya nemi babba daidai da girmansa? Duk wanda ya dube ni ya san abin da ya haɗa ni da wannan tambaya. Amsata ita ce zai iya, kuma da ƙaramin ya kamata ya fara, muddin ya san abin da nauyi yake rage masa da abin da ba ya taɓawa.

Da farko, bari mu san inda ake wannan wasa. A ƙasashe irin su Ingila da Amurka da Afirka ta Kudu, filayen tsere sukan keɓe ranakun da kowane mai babur zai biya kuɗi ya shiga ya koyi gudu. Daga cikinsu akwai Brands Hatch da Donington Park a Ingila, da Kyalami kusa da Johannesburg, wanda aka buɗe a 1961. Akan raba mahaya gida uku: sababbin shiga, da matsakaita, da ƙwararru. Kowa hanya ɗaya yake fuskanta, babu mota, babu mai tsallaka titi, ga kuma motar asibiti a gefe. Ƙananan baburan da nake nufi kuwa su ne irin Yamaha R3 mai inji cc 321, wanda ya fito a 2015, da Kawasaki Ninja 400 mai inji cc 399, wanda ya fito a 2018.

To, mene ne nauyi yake ragewa? Mu yi ɗan lissafi. Ninja 400 yana da nauyin kilo 168 da ƙarfin doki wajen 45. Idan mai kilo 60 ya hau, injin zai ja kilo 228. Idan mai kilo 100 ya hau, zai ja kilo 268. Ke nan kowane doki guda yana jan kilo 5 a ƙarƙashin siririn, amma kilo 6 a ƙarƙashin ƙaton. Saboda haka duk lokacin da aka fito daga kwana aka ba da wuta, siririn zai yi gaba. Bugu da ƙari, mai faɗin kafaɗa ya fi tare iska, iska kuwa ita ce babbar abokiyar gabar ƙaramin inji a miƙaƙƙiyar hanya.

Hukumomin tsere ma sun san da wannan. A gasar duniya ta Moto3, wadda aka fara a 2012 da injuna masu cc 250, ana auna babur tare da mahayinsa, kuma ba a yarda su gaza kilo 152 ba. A 2024 gasar duniya ta Superbike ta fito da dokar cewa duk mahayin da bai kai kilo 80 da kayansa ba, sai a ɗora wa baburinsa ƙarin nauyi, rabin abin da ya gaza. An yi haka ne bayan Alvaro Bautista na ƙasar Sifen, mutum mai ƙaramin jiki, ya ci gasar a 2022 da 2023.

Amma fa filin tsere ba miƙaƙƙiyar hanya kaɗai ba ne, yawancinsa kwana ne. A nan sai mu tuna da darasin fiziks da aka koya mana a wannan makaranta: nauyin da ke neman fitar da babur daga kwana, shi ne kuma yake danne taya a kan kwalta ya ƙara mata riƙo. Don haka gudun da za a iya sha kwana da shi ya fi dogara ga ingancin taya da faɗin kwanar da ƙwarewar mahayi. Har ma ƙato yana da wata riba. Jikinsa ya kai kashi 37 cikin 100 na dukkan nauyin, na siririn kuwa kashi 26 ne. Idan ya zame daga kan kujera ya rataya jikinsa ta cikin kwana, nauyin da ya matsar ya fi yawa, sai babur ya sha kwanar ba tare da ya kwanta sosai ba.

Sai dai kafin a ci wannan riba, wajibi ne a gyara babur daidai da mai shi. Abu na farko shi ne shokazoba. Kamfani yakan sa sifirin da ya dace da matsakaicin mutum, saboda haka idan ƙato ya zauna sai babur ya nutse, ya rasa sararin da zai shanye gargada, matakin ƙafa kuma ya riƙa gogar kwalta a kwana. Abin da ake so shi ne babur ya sauka da wajen milimita 30 idan mahayi ya zauna da cikakkun kayansa. Ɗaure sifirin yana ɗaga babur, amma ba ya ƙara wa sifirin tauri. Idan an ɗaure har ƙarshe ba a sami wannan awo ba, to, sai a sayi sifirin mai tauri, gaba da baya.

Na biyu shi ne birki. Waɗannan babura faifan birki ɗaya gare su a gaba, kuma ƙarin kilo 40 yana nufin ƙarin zafi na kusan kashi 18 cikin 100 a kowane taka birki. Man birkin da ya tsufa yana shan ruwa, idan ya yi zafi sai ya tafasa, a matsa birki a ji wayam. A canza shi kafin ranar shiga fili. Na uku, a auna iskar taya bisa shawarar kamfanin da ya yi ta, a sake aunawa bayan ta ɗauki zafi. Na huɗu, dogon mutum ya sa a matsar masa da matakin ƙafa baya da sama kaɗan, ya riƙe tanki da cinyoyinsa, kada ya jibge nauyinsa a kan hannun babur. Na ƙarshe, hular kwano mai rufe fuska duka, da rigar fata, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, duk su zama daidai jikinsa.

Wani zai ce, me zai hana a huta da duk wannan a sayi babur mai cc 1000? Dalili shi ne irin wannan babur yana da ƙarfin doki wajen 200, kuma yana ɓoye kuskure. Mutum zai sha kwana a karkace, ya murza totur ya rufe tazarar, ya ɗauka ya iya, har ranar da kuskuren zai same shi a gudun da ba shi da gyara. Ƙaramin babur kuwa ba ya yafe wannan: wanda ya zubar da gudunsa a kwana sai ya daɗe bai maido shi ba. Dole ƙato ya koyi duban nesa, da zaɓen layi, da sakin birki a hankali. Valentino Rossi na Italiya, wanda tsawonsa ya haura mita 1.8, ya ci gasar duniya ta cc 125 a 1997, da ta cc 250 a 1999, kafin ya hau manyan babura. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga ƙarshe, ina da kira ga ƙannenmu. Duk abin da na bayyana na filin tsere ne, inda akwai tutar gargaɗi da likita da sararin faɗuwa. Titin gari da ayarin rakiyar amarya ba su da ko ɗaya daga ciki, kuma a nan muke rasa matasa. Wanda yake da sha'awar gudu ya nemi inda aka tanada domin gudu, ya fara da babur ɗin da ya fi ƙarfinsa, ba wanda ya fi ƙarfin mai shi ba. Girman jiki ba shi ne girman sani ba.